Gidan Sauro a Kan Barkonon Ngatemi

Tukiran ɗan acaba ne ya fara gaya mini zancen gwajin iri. Ki rubuta sunansa, Lastri jikata, yana da rai, kar ya ji a bakin wani ya ce na manta da shi. Ya hawo daga kasuwa da kwanduna wayam a bayan babur, ya tsaya bakin gonata ya kunna sigarinsa mai kanumfari, ya ce mutanen gidan gwajin iri na gindin dutse suna neman manomin da zai ba da aron ƙasa a gwada sabon barkono. Na ce masa su nema a gaba. A waccan shekarar ba wanda yake son jin an ce sabo a ƙauyenmu.

Cutar rawaya ce ta sa. Ganyen barkono ya yi kamar an shafa masa kurkum, ya nannaɗe, itacen ya tsugune, ba fure ba 'ya'ya. Wasu 'yan fararen ƙwari ke ɗaukarta daga gona zuwa gona, ƙanana kamar garin shinkafa, in ka girgiza reshe sai su tashi. Ta riga ta cinye ƙauyen da ke hayin kwazazzabo, muna hango gonakinsu daga ƙofar masallaci. Mu kuwa barkono ne rufin asirinmu. Sai muka yi doka a tsakaninmu: duk wanda ya ga rawaya a gonarsa ya tuge ya ƙone a ranar. Wanda ya ɓoye, an cire shi daga gayya.

Ke yarinya ce, ba ki san nauyin wannan magana ba. Gonakinmu hawa-hawa suke a jikin dutse, katangar duwatsu ke riƙe kowace. Kowace damina sai wata ta zube, kuma mutum ɗaya ba ya tayar da ita. Wanda ba a zo masa gayya ba, gonarsa za ta gangara cikin ta maƙwabcinsa yana kallo. Mun gani a kan Parjan. 'Yan itatuwa kaɗan ya ɓoye a bayan ayaba, yana jiran su nuna ya tsinka. Aka gano, aka cire shi. Damina biyu ya yi yana fama da duwatsu shi kaɗai, daga baya ya sayar da gonar ya bar garin. Wansa Suradi bai manta ba.

To, Ngatemi nake son ki rubuta. Matar yayana Sarju ce, Yu nake ce mata, haka muke kiran babbar mace. Ban taɓa ganin mai tsoro kamarta ba. Tana tsoron tsawa, tana tsoron dinyar mai unguwa, tana tsoron duk mutumin da ya sa takalmi sau ciki da biro a aljihu. Ba ta taɓa sauka kasuwa ita kaɗai ba. Abin da ta fi tsoro kuwa shi ne ta ce wa mutum a'a. Yayana yakan ce da haka ya same ta, wai da aka tambaye ta ko tana sonsa tsoron musu ne ya hana ta magana. Sai ta rufe baki da gefen zane ta yi dariya. Shi ya rasu a rafi suna haƙar yashi shi da abokansa, laka ta gangaro daga dutse ta tafi da su. Ɗansu ɗaya ya haye wani tsibiri aikin gonar kwakwar manja, sai gaisuwa da sallah. Ta zauna ita kaɗai da gonar da ta fi kowace tsayi a ƙauyen, daga ita sai daji. Tawa ce a ƙarƙashinta. Duk gayyar da za a yi ita ce farkon zuwa, da butar shayi da soyayyen rogo, don ta san da gayyar nan take raye.

Ranar da malamar gona ta zo, Bu Endah sunanta, aka taru a gidan mai unguwa. Mace ce mai sanyin magana. Ta ce iri uku ne, ba za ta faɗi sunansu ba don kar a yi son kai, turaku ne za su raba su: ja, fari, shuɗi. Wasu ƙauyuka ma suna gwada waɗannan ukun, a ƙarshe manoma su faɗi wanda ya fi. Sharaɗinta biyu. Kar a ba kowa, kuma kar a tuge ko ɗaya sai ta zo ta gani da idonta. Ta ce ko ya mutu a bar shi tsaye, mataccen ma yana da abin da zai gaya mata.

Duk muka sunkuyar da kai. Ba wanda ya ɗaga mata zancen dokarmu. Ba a yi wa baƙo musu a gaban jama'a, kuma mun ɗauka irin da ya fito daga hannun masu ilimi ba ya ciwo. Ba wanda ya ce zai karɓa kuma. Mai unguwa ya ga shirun zai ba shi kunya, sai ya waiga ya ga Ngatemi durƙushe tana zuba shayi. Ya ce ai gonar Yu Ngatemi ce a gefe, ita ta fi dacewa. Bu Endah ta tambaye ta ko ta yarda. Ta ajiye butar. Ta ce to.

Aka kawo dashen a tire-tire, kowane da turkensa. Muka yi gayya muka dasa layi uku. An kawo da yawa, ya yi saura. Mu kuwa tun kakanni, dashen da ya rage na waɗanda suka zo aikin ne. Zubarwa haram, riƙewa rowa. Kafin a ankara mata sun juye ragowar duka uku cikin kwando ɗaya, kowa na ɗibar nasa a ganyen ayaba. Na ga Ngatemi ta buɗe baki ta rufe. Suradi ya ɗibi cikin hannu biyu ya ce, “Yu, ko na gwamnati ba a taɓawa ne?” Aka yi dariya. Ta ce ɗauki Kang, haka muke kiran babban namiji. Ni ma na ɗiba. Da yamma babu gonar da ba a kafa dashen Ngatemi a gefenta ba, kuma ba mai iya cewa wannan ja ne ko shuɗi, don duk kamarsu ɗaya suna ƙanana.

Barkonon ya kama, ya yi kyau, ya fara fure. Sai aka yi ruwan da ya zaftare ƙasa ya tafi da gadar hanyar kasuwa. Babur ma ba ya wucewa, Tukiran ya zauna gida yana zagin sama.

A cikin kwanakin nan ne wata safiya na ji ana kirana daga bisa, can ƙasa-ƙasa kamar mai gudun tayar da jariri. “Yo. Wagiyo. Hawo ka gani.” Na hau. Tana tsaye a bakin layin shuɗi, hannayenta a cikin zane. Ban tambaya ba. Kan itatuwan ya yi rawaya, ganyen sama ya fara naɗewa. Na taɓa reshe ɗaya, fararen ƙwarin suka tashi. Na waiga na dubi ƙasa, don iska daga bisa take gangarowa, kuma tawa gonar ce farko.

Na ce Yu, tuge yanzu, ni zan kawo kananzir. Ta ce matar ta ce kar a taɓa. Na ce matar ba ta nan. Ta ce shi ya sa. A ranta itatuwan nan ba nata ba ne, ajiya ce aka ba ta, kuma wanda ya ɓata ajiyar hukuma ɗaure shi ake yi. Na yi rantsuwa ba mai ɗaure tsohuwa a kan barkono. Ba ta ji ba. Sai ta faɗi abin da ni ban kai ga tunawa ba. Ta ce, “Shuɗin nan fa yana cikin gonar kowa. Ni na ba su da hannuna.”

Muka tsaya muna kallon ƙauyen a ƙasa. Gonaki kore shar, hawa bayan hawa, kuma a gefen kowace akwai abin da ba mu san ko mene ne ba.

Ba ta tuge ba, ba ta kuma faɗa wa kowa ba. Abin da ta yi shi ne ta kwance gidan sauronta, ta fito da na marigayi da na ɗanta daga akwati, ta zo ta ari namu biyu a wurin kakarki. Ta ɗinke su wuri guda, ta kafa gora, ta lulluɓe layin shuɗi tun daga farko har ƙarshe, ta danne gefen da duwatsu. Wai ƙwarin su zauna ciki kar su fita. Dabarar ba laifi. Abin da ba ta tuna ba shi ne gonarta ce a saman kowa. Da rana ta fito, duk wanda ya ɗaga kai sai ya ga wani dogon farin abu kwance a kan dutse kamar an shimfiɗe gawa. Kafin azahar mata sun daina daka, kowa na tsaye a ƙofar gida yana kallon sama.

Suradi ne ya hau. Bai yi sallama ba, ya ɗaga gefen gidan sauron ya leƙa, ya sake shi, ya gangara. Da la'asar aka buga gangar masallaci, wadda muke kiran taro da ita.

Ban taɓa ganin taro mai shiru irin wannan ba. Kowa ya tuna abin da ya ɗauka a ganyen ayaba. Wani yana ta goge tafin hannu a wando. Ngatemi na zaune a bakin ƙofa, wajen takalma. Mai unguwa ya ce ya buga waya gidan gwajin, wanda ya ɗauka ya ce Bu Endah tana wani yanki, shi kuma ba shi da ikon cewa a tuge, a jira ta. Suradi ya ce shi ƙwarin ba su gaya masa za su jira ba. Ya yi magana a hankali, ba ihu, kuma abin da ya faɗa ba ƙarya. Ya ce ƙanensa itatuwa nawa ya ɓoye aka kore shi? Ga wadda ta ajiye layi guda, har ta yi masa gidan sauro kamar amarya, ta kuma raba wa gari. Ya ce in dokar ta Parjan ce shi kaɗai a faɗa masa yau.

Aka yanke cewa kowa ya je ya tuge duk dashen da ya samo daga wurinta, mai ciwo da marar ciwo. Ita kuma an ba ta zuwa Juma'a. Mai unguwa ya tausasa murya ya ce, “Yu, kin ji ko? Ki tuge kawai, magana ta wuce.”

Kowa ya san abin da za ta ce, don ba ta da wata amsa tun tana budurwa. Sai ta ɗago kai. Ta ce, “Pak, ranka ya daɗe, ina tsoronku. Wallahi ina tsoronku duka. Amma na ce wa matar nan to, kuma ba ta nan da zan ce mata na fasa. Ku bar ni har a gyara gada ta zo.”

Ba su bar ta ba. Juma'a ta zo farin abin nan yana nan kwance, aka cire ta.

Ba duka, ba zagi. In ta gaishe da mutum zai amsa, sai dai ba ya tsayawa. Aka yi gayya a gonar liman, ta dafa shayinta kamar kullum ta ɗauko, ta zo kwanar hanya ta tsaya, ta koma da shi. Dangi na kusa an yarda su taimaka, to ni da kakarki ke nan. Katangarta ta gabas ta kumbura, muka tokare ta da gora, mun san gora ba ta riƙe dutse. Kullum hadari ya haɗu sai in gan ta tsaye a ƙarƙashin katangar tana kallonta, ita da ke shigewa ƙarƙashin gado in an yi tsawa. Ta daina cin abinci sosai. Kowace safiya tana zagaya gidan sauron tana neman huda, in ta samu ta ɗinke. Daga nan sai ta tsaya a bakin gonarta tana duban gonakin mutane ɗaya bayan ɗaya, tana neman rawaya. Ni ma haka nake yi a tawa. Na kai har in ga ganyen ayaba busasshe ya faɗo cikin barkono gabana ya faɗi.

Rawayar ta zo. Ta fara daga gonar Suradi, can ƙasa wajen kwazazzabo, ta bi ƙauyen ta hawo. Har yau ba wanda zai iya rantsuwa daga ina ta shigo. Wasu sun ce daga hayi iska ta kawo, tunda ta gefen can ta fara. Wasu sun ce shuɗin Ngatemi ne da aka makara tugewa. Mun tuge mun ƙone har hayaƙi ya zama abincinmu, ba ta tsaya ba. Tawa ta tafi. A gonar Ngatemi layin fari ya bi shuɗi. Layin ja kuwa yana tsaye kore, da 'ya'ya har suna ranƙwafar da reshe, shi kaɗai a duk jikin dutsen. Wannan bai sanyaya wa kowa rai ba. Mutum ya rasa gonarsa, ya ɗaga kai ya ga wadda yake zargi ita ce da barkono, kuma ya tuna a cikin abin da ya tuge da hannunsa akwai wannan jan. Ngatemi ta ƙi tsinkar ko ɗaya. Tsoron koren layin nan take yi fiye da mataccen.

Bu Endah ta iso a ƙafa, ta ratsa rafi da laka har gwiwa, tun ba a gama gadar ba. Ta ga gidan sauron ta tsaya. Da aka ba ta labarin dokarmu da abin da aka yi wa Ngatemi sai ta zauna a kan dutse ta dafe kai. Ta ce shuɗin dama sun san rago ne, da gangan ake sa shi don a auna sauran da shi, kuma da ta san da dokar nan da ba ta kawo shi ba, ko ta ce a tuge da zarar ya nuna. Ta tambayi mai unguwa me ya sa ba wanda ya gaya mata ranar taro. Ya ce ai baƙuwa ce. Ta duba layukan itace bayan itace, ta tambayi Ngatemi wanne ya fara, wanne ya bi, ita kuma tana amsawa kamar a gaban alƙali. Sannan su biyu suka tuge shuɗi da fari suka ƙone. Ta ce jan ya tsaya a sauran ƙauyukan ma, kuma irinsa yana maimaita kansa, a bar 'ya'yan su nuna sosai a cire iri.

Ta roƙi a mayar da Ngatemi cikin gayya. Aka ce mata to, aka raka ta har rafi. Ba abin da ya sauya. Wanda zai buɗe baki ya ce a mayar da ita sai ya bi ta gaban Suradi, kuma ba mai wannan ƙarfin.

Ita ta nemo hanyarta. Ta shanya barkonon ja, ta cire irin, ta ƙulla shi ƙulli-ƙulli a busasshen ganyen ayaba. Da ƙaramar sallah, lokacin da kowa ke shiga gida-gida neman gafara kuma ba a rufe wa mutum ƙofa, ta ɗauki kwandonta. Duk gidan da aka ɗebi dashenta sai ta durƙusa ta nemi gafara ta ajiye ƙulli. Na bi ta a baya. A gidan liman, matarsa ce ta kama ta ta ce, “Tashi, Yu, kin sa mu kunya.” Wasu suka karɓa da hannu biyu. Wasu suka bar shi a kan tabarma sai da muka fita. Amma kowa ya shuka, don ba wani iri da za a shuka. Wanda kuwa ya shuka irin mutum ba ya iya wuce katangarsa a zube. Da damina ta kama, katangarta ta gabas ta faɗi. Washegari mutum biyu suka hawo da fartanya, suka fara ɗora duwatsu, sai wasu suka biyo. Ngatemi ta ruga ɗora ruwan shayi har ta ƙone hannu.

Suradi bai zo ba. Ranar sallar da muka je gidansa ya karɓi gaisuwa, ya tura ƙullin da yatsa ya dawo gabanta. Ya ce ta kai wa Parjan in ta san inda yake. Gonarsa ba ta sake tashi ba, daga baya ya koma wurin 'yarsa a hayin kwazazzabo. Duk sallah sai ta ƙulla sabon iri ta haye, duk sallah ta dawo da shi. Shekaru ke nan. Mutane sun daɗe da mantawa, har jan barkonon ma sunanta ake kiransa da shi, amma ita a wurinta muddin gida ɗaya bai karɓa ba ba a mayar da ita duka ba. In aka yi gayya a gonarta sai ta riƙa ƙirga fuskoki da ido kamar yau ne za a fasa.

Bana ba ta kai sallah ba. Da ciwon ya kwantar da ita ta aika aka kira ni. Ta zaro ƙullin daga ƙarƙashin matashi, ta riga ta ɗaure shi tun tana iya zama. Ta ce, “Yo, ina tsoron in tafi da maganar Kang Suradi a kaina. Kai masa. In ya tura maka, kar ka yi fushi, ka dawo da shi ka ajiye.” Na ce to.

Ga shi can rataye a saman murhu, hayaƙi na tsare shi daga ƙwari. Ba a yi mata sadakar arba'in ba tukuna, ina so ya isa kafin nan. An ce Suradi ya kurumce, kuma ba ya gane mutane sai ya ga dama. Gwiwata ba ta son gangaren nan, gadar gorar da ke kwazazzabo kuma tun ina da ƙarfi ba na son ta. Ban san abin da zan ce masa ba. Ki ajiye biron haka nan, ki leƙa gidan Tukiran ki tambaye shi ko babur ɗinsa zai iya kai ni bakin gadar jibi, in ba a yi ruwa ba.